Tawada a Babban Yatsa

"Ƙuri'a ɗaya?" Mai Aski ya daka tsawa, almakashi a hannu. "Ɗan takararmu? A rumfar unguwar nan?"

Tela ya sake duba sakamakon a wayarsa. Ɗaya ce tal.

Tun farkon kamfe shagon askin nan ne hedikwata, fosta har kan madubi. Wanda ba ya bayan gwaninsu, sai dai ya nemi aski a wata unguwa.

"Maciya amana!" in ji Mai Aski. Ya ɗaga babban yatsansa, baƙi ƙirin da tawadar zaɓe. "Ga shaidata. Ɗayar nan tawa ce."

"Taka a ina?" Direba ya ɗaga nasa. "Tun asuba nake kan layi!"

Tela ya ɗaga. Mai Faci ya ɗaga. Kowa da tawada, kowa na rantsuwa, har aka fara cin kwala.

Ana haka sai Inna, mahaifiyar Mai Aski, ta leƙo tana dogara sanda, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa.

"Inna, ashe ba ki fita ba?" ɗan ya tambaya. "Babban yatsanki fes."

Ta ɗaga ƙaramin yatsanta, ga tawada.

"Bana a nan suke shafawa. Da kun je, da kun sani. Ɗayar tawa ce, don tausayinka na ba shi."

Hannaye suka fara sulalewa aljihu.

Ta dubi ɗanta.

"Kai kuma, mayar wa jikata bironta. Gobe akwai makaranta."