Madafar Tsoho Isao

Durowa ta ƙarshe ta shige gurbinta da ɗan huci, ba ƙusa ba gam. Isao ya bi bakinta da ɗan yatsa, ya ji kaushi a kusurwa, ya sake zaro ta. Kafintocin tsibirin nan da yatsa suke duba aiki, kuma shi a hannunsu ya tashi.

Jirgin ruwan da yake zaune a ciki ɗan ƙarami ne, mai tafiya da iska. Da ya ajiye aiki, shi da matarsa Fumie suka sayar da gida suka tare a cikinsa. Fumie ta rasu, ta bar masa tukwane da shiru. Shirun nan kuwa ya fi komai cin ransa.

A farkon sanyi ne butar ruwan zafi ta kife masa a hannu. 'Yarsa tilo, Chizuru, ta taso daga birnin Nagoya a gigice. Ya ce mata igiyar ruwa ce ta girgiza jirgin. Ita kuwa ta yanke magana: idan itatuwa suka fara fure za ta dawo. In ta tarar ba ya iya dafa wa kansa abinci lafiya, za a sayar da jirgin, a kai shi gidan tsofaffi kusa da ita.

Gidan tsofaffi! Inda ko ƙanshin teku ba a ji. Tun ranar ya ɗauki zarto.

Ya kewaye murhu da ƙarfe, buta ta daina motsi. Ya shafe kowace kusurwa mai kaifi. Ya kafa sandar riƙewa tun daga matakala har bakin gado. Kowane kwano ya sassaƙa masa gurbi daidai gindinsa, wuƙa ma da kubenta a bango. Durowa kuwa kowacce da irin katakonta, kowane katako da ƙanshinsa, kuma a ƙarƙashin kowane mariƙi ya yi 'yar tsaga: shinkafa ɗaya, busasshen kifi biyu, ganyen shayi uku.

Tokuji, masuncin da ke ɗaure jirgi kusa da shi, shi ke kawo masa katako da cefane, tunda Isao ya ce gwiwa ta hana shi hawa tudun kasuwa. Ranar da ya leƙo madafar sai ya tuntsire da dariya.

"Kai tsoho, wannan wace irin kwalliya ce? Ja, fari, ruwan ƙasa, kamar an yi wa wando faci!"

"Kai da hancinka ya mutu da ƙarnin kifi, me ka sani?" in ji Isao, bai ko ɗago ba.

Tokuji ya tafi yana dariya. Takunsa ya yi nisa a kan gadar da ake ɗaure jirage, aka bar Isao da kukan tsuntsaye da ruwa mai lasar jikin jirgi.

Ranar ta zo. Tun kafin Chizuru ta yi magana ya ji ƙwas-ƙwas ɗin takalminta. Ya gyara hularsa da baƙin gilashin da 'yan teku ke sawa saboda ƙyallin ruwa.

"Baba, na iso."

"Sannu da hanya. Zauna, baƙo ba ya taɓa tukunya."

Ya juya mata baya ya kama aiki. Ya wanke shinkafa, ya yanka kifi siriri-siriri, ya dama miyar miso, ta daddawar waken suya. Da buta ta fara kuka ya sauke ta, ya tsiyaya shayi har ƙarar ruwan ta canja a kofi, ya tsaya. Ko ɗigo bai zuba ba.

Chizuru ta ci a hankali. Ya ji tana jan durowa tana mayarwa, tana girgiza ƙarfen murhu ko zai motsa.

"Kai kaɗai ka yi duk wannan?"

"A'a, kifaye ne suka taya ni."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Miyar Mama sak. Shi ke nan, Baba, ka ci. Ba zan sake maganar sayarwa ba."

Daɗi ya kama shi har sai da ya dafa sandar nan.

Da za ta tashi ta buɗe jaka, ta sa masa wani abu mai santsi a tafin hannu. "Hoton jikanka Haruki, ranar da ya shiga makaranta. Faɗa mini gaskiya, wa ya biyo?"

Isao ya sunkuyar da kai a kan hoton, ya ɗan jima.

"Ke ya biyo."

"Haba Baba! Kowa cewa yake kai ne, har kunnuwan."

"To, Allah ya ba yaron haƙuri."

Ya raka ta bakin matakala. Ta rusuna, ta ce ya kula da kansa. Ya yi ta ɗaga hannu har jirgin fasinja ya yi kururuwar tashi, har ƙarar injinsa ta ɓace bayan tsibiri.

Sannan ya bi sanda ya koma ciki, ya zauna a inda Fumie ke zama. Ya ci nasara. Jirgin nasa ne, shirun ma nasa ne.

Ya zaro hoton. Ya shinshina shi, ba ƙanshin komai. Ya bi shi da ɗan yatsa, gaba da baya, gefe zuwa gefe, ko zai dace da wata 'yar tsaga. Santsi kawai. Bai ma san ina ne saman hoton ba, domin ba igiyar ruwa ce ta kifar da butar nan ba: a makon ne sauran hasken idonsa ya ɗauke, bai kuwa dawo ba.