Kwalekwale Mai Fanka da Rumfar Ƙarfe

Haladu, tun da ka ce za ka rage siminti a harsashin gidanka don ka ƙawata ƙofa, zauna ka ji misali.

A wani ƙauye na bakin fadama, ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa har kwalekwale ba ya iya ratsawa zuwa asibiti. Sai wani maƙeri ya ce zai ƙera jirgi mai fanka a baya, wanda iska za ta tura shi ya zame a kan ciyawar. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ba. Amma irin wannan jirgi ba ya son nauyi ko kaɗan, dole a rage wani abu. Me wannan mutum ya rage? Ya yi rumfar ƙarfe mai ado, ya kafa kujerar direba kamar ta ango, ya rataya allo da sunansa ɓaro-ɓaro. Da ya ga nauyi ya yi yawa, bai taɓa ko ɗaya cikinsu ba. Sai ya cire falankin alminiyam mai kauri da ya tanada don gindin jirgin, ya shimfiɗa tsohon kwanon rufi, ya shafe da fenti. Matarsa, da cikinta tsoho, ta ce, "Maigida, wannan kwanon ko ruwan sama bai tare mana ba." Ya ce ai gindi ba mai ganinsa. Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake.

Ranar da naƙuda ta zo wa matar da gardama, ya ɗauke ta a jirgin, fanka na ruri, mutane na tafi. Suna tsakiyar kacala wani kututture ya farke kwanon kamar tsumma. Ruwan bai kai ƙugu ba, ba wanda ya nutse. Sai dai jirgin ya kai su inda babu kwalekwalen da zai iya biyo su. Kafin maza su sare hanya da lauje su iso, rana ta yi yamma. Uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Rumfar kuwa tana nan tsaye cikin ciyawa, sunansa na sheƙi, ko ƙwarzane babu.

To ka je ka ƙawata ƙofarka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.