Rawani a Sahun Ƙarshe

Ranar da tsohon basaraken ya naɗe buzunsa daga bayan liman ya koma sahun ƙarshe, surutu ya cika Tudun Wada. Kakansa ya gina masallacin nan a jikin gidansu, mahaifinsa ya haƙa rijiyar alwala, shi kuma ya sake rufin. A ce mutum irin wannan yana salla kusa da takalma?

Sati uku liman yana laluben laifinsa. Bayan wata la'asar ya kasa daurewa, ya je ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, in na yi kuskure a gafarce ni. Wurinka na nan."

Tsohon ya yi murmushi, ya nuna wata 'yar taga a bangon baya.

"Malam, shekara hamsin uwargidana Hajiya na bin jam'i daga ɗakinta. Yanzu kunne ya tafi, ko lasifika ba ta ji. Amma in na tsaya nan, tana hango rawanina. In ya sunkuya, ta sunkuya."

Liman ya ɗaga kai. Ta tagar ya hango tsohuwar na zaune kan sallayarta. An idar da salla tun ɗazu, amma ba ta ɗauke ido daga rawanin ba.