Tayar Ranar Ruwa

Horia ya danna farcensa a haƙorin tayar keken, ya ji ya nutse kamar a ɗanyen cuku. Ita yake nema! Ragowar kayan bara ce da mai shago ya gaji da gani, shi ya sa aljihun Horia ya iya ɗauka. Ya sayi guda biyu, mai shago ya naɗe su ya ɗaure da jar igiya.

Kowa a gindin dutsen Rarau ya san wannan taya kala biyu ce. Zane ɗaya, haƙora ɗaya. Mai laushi tana kama jiƙaƙƙiyar saiwa ta riƙe gam. Mai tauri tana shekaru ba ta cinye ba, amma da ruwa ya sauka sai dai addu'a. Rubutun gefe ne kaɗai ke nuna wacce ce wacce.

Ranar Lahadi za a yi tseren keke na gangara daga saman dutsen, kuma an ce za a kwana ana ruwa. Wani koci daga ƙasar waje zai zo ya ɗauki mutum ɗaya tak ya tafi da shi, wanda ya riga kowa sauka. Horia ya ci burin wannan rana tun yana hawa keke da tallafi. Mutum ɗaya ne zai iya karawa da shi: Traian, amininsa.

Ya kai tayoyin wa mahaifinsa, Gavril. Tun rasuwar mahaifiyarsa su biyu ne a gidan, kuma ba wanda ya taɓa ɗaura wa Horia taya sai tsohon. Mutum ne da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa. Yana tsugune yana lissafin kabejin da zai jiƙa da gishiri a ganga don ajiyar lokacin sanyi.

"Baba, bana ganga ɗaya ta ishe ka. Ni dai na kusa tafiya."

"Ajiye su can, sarkin gaggawa," in ji Gavril, bai ko ɗago ba. Washegari ya aika a kawo masa kabejin ganga biyu, kamar kowace shekara.

Da yammacin Asabar keke ya fito fes daga hannun Gavril. Gefen tayoyin baƙi wuluk, domin haka muke yi a nan: shagon da ke ba ƙungiyarmu riguna wata taya daban yake sayarwa, don haka duk mai hawa wata sai ya shafe sunanta da baƙar tawada kada ya shiga hoto. Traian ya zo da motarsa ya ɗora keken kusa da nasa, kekunan suka kwana a garejinsa don a yi sammako.

Da safe Gavril ya biyo ɗansa har bakin ƙofa, ya riƙe masa hannun riga.

"Ka riƙa kama birki da wuri. Ka ji? Kada ka yarda da ƙasar nan yau."

Horia ya yi dariya. Tsofaffi da tsoro!

A kwana ta farko ta hanyar, keke ya zame. Ya ce laka ce. A ta biyu tayar gaba ta hau saiwa ta sulluɓe kamar an shafa mata sabulu. Amma wa zai kama birki da wuri a rana irin ta yau? Ya saki birki ya shiga gangaren duwatsun nan da muke kira Matakala. Can keke ya yi gabas, shi ya yi yamma, tsintsiyar hannunsa ta daki dutse ta ce ƙas.

Traian ne ya ci.

A ƙasa, ana ɗaure masa hannu, Horia ya miƙa ɗayan ya danna haƙorin tayarsa. Kamar katako. Wallahi a take ya manta da ciwon karayar. Ya ture mai ɗaurin, ya keta taro har gaban kocin, inda Traian ke tsaye.

"A garejinka kekena ya kwana, maci amana! Da na mutu fa?"

Traian ya yi sororo. "Kai Horia, ka haukace ne? Ni?"

"Rufe min baki, munafuki. Mun ci tuwon masara a kwano ɗaya, ashe kabarina kake haƙa."

Mu da ke tsaye a wurin, gaskiya yawancinmu mun yarda da shi. Traian ya tafi ƙasar waje ba wanda ya raka shi tasha. Sau da yawa ya kira waya, Horia bai ɗauka ba.

Gavril kuwa ya yi jinya kamar uwa. Shi ke yanka masa nama, shi ke ɗaure masa takalmi. Har waƙa aka ji yana yi a lambu, abin da bai yi ba tun jana'izar matarsa. Horia yakan dube shi ya ce a ransa, ko duniya ta juya masa baya yana da wannan tsohon.

Ranar da kabeji ya iso, Gavril ya tafi sayen gishiri. Horia ya gaji da zaman banza, ya ce bari ya yi wa Baba ɗan taimako, ya wanke masa gangunan kafin ya dawo. Ya sauka ɗakin ƙasa, inda tsohon ke tara kayan da ya kasa yarwa. Ya mirgino ta farko. Ta biyu ta yi masa nauyi, ya ɗaga murfin da hannu ɗaya, ya janye tsohon buhun da ke ciki.

Tayoyin nan biyu da ya kai wa Baba ne a naɗe, ko jar igiyar ba a kwance ba, ya danna farcensa a haƙori, ya nutse.