Mai Ɗaukar Wayar Alhaji

Ya iso Kornaka ya tarar da mahaifiyarsa a kan gargara.

Tun da cinikinsa na dussa ya bunƙasa a Dakoro, ya ɗauki wata sakatariya da ke zaune Yamai, wadda bai taɓa gani ba. Ita ke ɗaukar wayarsa, ta nemo motar ɗaukar kaya, ta lallashi masu saye. Har kiran mahaifiyarsa wurinta yake zuwa.

Ya durƙusa ya riƙe hannun tsohuwar. "Inna, ga ni na zo."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta lalubo wayarta ta miƙa masa.

"Kira mini yarinyar nan," in ji ta. "Kullum ita ke tambayata ko na ci abinci. Kada in tafi ba mu yi bankwana ba."