Zaren Kaset a Gonar Gero

"Kashe shi," in ji Inna. "Wannan ba waƙar ba ce."

Tun daga Yamai na rungumo na'urar sauraren waƙar nan a cinya har Tsarnawa, da faifan sidi mai sheƙi kamar madubi. Mawaƙin ɗaya, gurmin ɗaya, sauti tas.

"Inna, don Allah, me ya rage? Har numfashinsa ana ji."

"Bai yi tuntuɓe ba."

Raina ya ɓaci. Tsohon kaset ɗin marigayi Baba take nufi, wanda muryar ke jan ƙafa a tsakiyarsa kamar mawaƙin ya wuni da yunwa. Na ce mata wannan lalacewa ce, ba waƙa ba.

Ta yi tsaki. "Lalacewa? A baitin nan ake ambaton garinmu. Kullum sai ubanka ya maido shi baya, ya sake, yana kallona, har wurin ya suɗe. Yatsansa ne kake ji. Wannan naka, wa ya taɓa shi? Ɗauko mini nawa."

Dole na faɗa mata. Tun da safe na ba maƙwabcinmu shi, ya warware zarensa don korar tsuntsaye a gonarsa.

Ta riga ni isa gonar. Zaren yana ɗaure daga kara zuwa kara bisa zangarkun gero, iska na kaɗa shi yana wani siririn kuka. Inna ta tsaya, ta karkata kunne.

"Yi mini shiru," ta ce, tun ban buɗe baki ba.