Bencin Bayan Lauyoyi

Takardar shiga makarantar koyon aikin lauya ta iso ranar da Yaya yake gida, don haka murnar Auta ba ta yi nisa ba. Ya karanta, ya ce madalla, sannan ya tambaye ta wa ta sani a cikin aikin. Ba ta san kowa ba. Mahaifinsu tela ne har ya rasu, kuma lauya ɗaya tak da ya taɓa shiga shagonsa, ƙugun wando ya kawo a buɗa masa.

"To ki nemi uban gida kafin a buɗe makaranta," in ji Yaya. "Littafi kowa zai karanta. Ofishin da zai ɗauke ki in kin gama, tun yanzu ake nemansa."

Sai ta kama zuwa kotu kullum da safe, baƙin siket da farar riga, tana gaida duk wanda ya riƙo jaka. Lauyoyi mutane ne masu ladabi. Kowa yakan amsa gaisuwarta ba tare da ya rage sauri ba.

Ana haka ta gamu da wani Dattijo. Yana zaune a bencin da ke bayan na lauyoyi, cikin baƙar kwat da guga ta cinye wa kafaɗa, ga kwanon abinci mai murfi kusa da ƙafarsa. Ya matsa mata wuri tun ba ta nema ba, ya yi mata murmushi har wushiryarsa ta bayyana.

"'Yata, kin gama karatun ne, ko za ki fara?"

"Zan fara, Baba."

"Gara haka," ya ce.

Daga ranar ya zama makarantarta. Shi ya nuna mata inda ake rusunawa in an shigo, da alƙalin da ba ya son a katse shi, da wanda ba ya son a yi magana kwata-kwata. Ya ce in lauya ya fara da yabon kotu, to ɗage shari'a zai roƙa. Sau da yawa yakan raɗa mata ranar da za a dawo tun alƙali bai buɗe baki ba. Ba ta taɓa ganinsa da rigar lauyoyi ba, amma ta ɗauka mutum in ya kai wani matsayi, rigar ce ke buƙatarsa.

A baranda kuwa, manyan lauyoyi yake tare mata, ya ce, "Wannan tun yana kamarki na san shi. Ni na nuna masa ƙofa." Lauyan sai ya tsaya, ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce, "Baba, ina sane, wallahi ina sane," ya duba agogo, ya ɓace. Auta ta lura babu mai iya haɗa ido da shi a cikinsu. Ba ta taɓa ganin kwarjini irin wannan ba.

Kwanon abincin nan ba ta taɓa ganin ya buɗe shi ba. Da rana yakan fita da shi ta ƙofar baya, ya dawo hannu wofi.

A gida babu zance sai nasa. Da Yaya ya tambayi sunan ofishinsa, ta ce ai ba a yi wa babba irin wannan tambaya.

Buɗe makaranta ya matso, ta yi ta maza. "Baba, ba ni da kowa a cikin aikin nan. Ina so ka riƙe ni."

Ya kalle ta. Idanunsa sun kawo ruwa, ta ce a ranta tsufa ne.

"Ki zo ranar Laraba. Akwai wanda nake so ki gani."

Mama ta goge mata farar rigar har sau biyu, tana cewa ina ma tela yana raye.

Ranar Laraba kotu ba ta cika ba. Gandirobobi suka shigo ta ƙofar gefe da wani siririn mutum mai furfura a gemu. Magatakarda ya kira shari'a. Lauyan gwamnati ya fara da yabon kotu. Ɓangaren wanda ake tuhuma babu wanda ya miƙe, ko da yake uku daga cikin masu "ina sane" suna zaune a gaba, kowa ya tuna da wani abu a cikin jakarsa. Alƙali ya ɗage. Wannan karon Dattijo bai raɗa mata rana ba.

Kafin a fita da mutumin, ya waiwayo ya dubi bencinsu, ya yi murmushi. Auta ta ga wushiryar.

"Ɗana ne," in ji Dattijo a hankali. "Gemunsa bai fito ba aka kawo shi. Ni ban taɓa zama a aji ba, 'yata, kwat ɗin don a bar ni in zauna kusa ne. Waɗanda suka gama ba sa tsayawa, shi ya sa nake nemanku tun ba ku fara ba. Ki dube shi da kyau, don ki gane shi in kin dawo."